Me Ya Sa Fila Ke Fitowa Da Ramuka Bayan An Cire Katako?

Magina da yawa kan kawo wannan kuka: an sa siminti isasshe, an kwaɓa kankare da kyau, amma da aka ɓalle katako sai ga fuskar fila duk ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a waje tsirara. Nan take a ɗora wa lebura laifi, alhali sau da yawa matsalar daga jikin katakon ta taso.

A tsakiyar tari, kowace tsakuwa tana samun gurbin da za ta faɗa a tsakanin 'yan'uwanta. Wadda ta jingina da katako kuwa ba ta da wannan dama, domin bango a miƙe yake, ba shi da lungun da zai karɓe ta. Saboda haka sararin da ya rage a bakin bango ya fi na ciki yawa, kuma wannan tasiri kan ratsa har kaurin tsakuwa huɗu ko biyar kafin ya gushe. A 1960 G. D. Scott ya gwada da ƙwallayen ƙarfe masu girma ɗaya, ya ga ko an girgiza su ba sa cike fiye da kusan kashi 64 cikin ɗari na mazubi, kuma idan mazubin ya ƙanƙance, cikar sai ta ragu. Kada a manta, kowane rodi ma bango ne ga tsakuwa. Shi ya sa kwaɓin da ya yi kyau a faffaɗan daɓe zai iya kunyata ka a siririyar fila mai cunkoson rodi.

Gyaran yana farawa tun wurin sayen tsakuwa. Ƙa'idar cibiyar kankare ta Amurka, ACI, ta ce kada girman tsakuwa ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin ɓangarorin katako, ko kashi uku cikin huɗu na tazarar da ke tsakanin rodi. Idan tazarar milimita 25 ce, to tsakuwa mai kusan milimita 19 ita ce iyakarka.

A wuri mai matsi ka ɗan ƙara yashi da siminti don su cike gefe. Ruwa ne ba na so a ƙara, domin ƙarfin ginin yake cinyewa. Ka toshe tsagar katako kada ruwan siminti ya tsiyaye, ka zuba kaɗan-kaɗan kana sa injin girgiza. In babu inji, a soka sanda a ciki, wani kuma yana bubbuga katakon daga waje.

Idan kuwa ramin ya riga ya kai ga rodi, kada a rufe shi da filasta, a kira injiniya ya duba tukuna.