Idan an ɗauke wuta, kwamfuta ta san abin yi

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Manchok. Da zarar an ɗauke wuta, kwamfutata sai ta mutu da aikin mutane a ciki. Ga filas ɗin kwastomomi suna kawo min bairos. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kwamfuta tana jin duk abin da ya taɓa jikinta: an cire waya, batir ya yi ƙasa, an soka filas. Naka shi ne ka gaya mata yadda za ta amsa.

Ka nemi UPS mai ramin USB, a Kafanchan ko Jos, ka haɗa shi da kwamfutar da wayarsa. Yawanci Windows yana ɗaukarsa tamkar batir. Shiga Power Options, ƙarƙashin Battery, ka mai da Critical battery action zuwa Hibernate, ka ɗaga ma'aunin batirin da zai jawo hakan zuwa kashi 30. Batir na kaiwa nan, za ta kwashe duk abin da ke buɗe ta ajiye a faifai kafin ta kwanta. Wuta na dawowa, ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Batun filas kuwa, tun Windows 7 na 2009 filas ba ya kunna manhaja da kansa. Yanzu bairos ɗin yakan ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi, hannunka ne ke tayar da shi. Kashe AutoPlay, ka sa Windows Security ya binciki kowane filas kafin ka buɗe.