Garkuwar jiki da yaran Ɗan Issa a tsakanin tamowa da ƙyanda

Garkuwar jiki ita ce tsarin da Allah Ya halitta a jikin ɗan Adam domin ya gane abin da yake nasa da abin da yake baƙo, ya kuma yaƙi baƙon idan mai cutarwa ne. Ba ta zaune a gaɓa guda kamar zuciya ko hanta, a warwatse take cikin fata da jini da ɓargo da saifa da bangon hanji. Ma'aikatan lafiya da ke aiki a Ɗan Issa, cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, suna ganin ƙarfinta da rauninta kowace damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sauro ya yawaita, layin mata masu goyo kuma ya miƙe har bakin ƙofar cibiyar lafiya, wasu daga ƙauyukan kewaye, wasu daga tsallaken iyaka ta wajen Jibiya.

Matakin farko na tsaro shi ne hana ƙwayar cuta shiga. Fata katanga ce, majina tana kama ƙura da ƙwayoyin da aka shaƙa, hawaye da miyau suna ɗauke da sinadarin da ke narka bangon wasu ƙwayoyin, ruwan ciki kuma yana da tsamin da ke kashe mafi yawan ƙwayoyin da aka haɗiya. Duk abin da ya huda wannan katanga ya buɗe wa cuta ƙofa, ko cibiyar jariri ce da aka yanke da reza marar tsabta, ko tsagar aska, ko busasshiyar iskar hunturu da ke raunana maƙogwaro, wadda take cikin dalilan da suka sa sanƙarau ya fi tashi a lokacin rani.

Idan ƙwayar ta samu shiga, fararen ƙwayoyin jini ne ke tarbarta, waɗanda ake ƙera su a cikin ɓargo. Wasu daga cikinsu, da ake kira nutirofil, suna isa wurin cikin sa'o'i kaɗan, su haɗiye ƙwayar cutar su mutu tare da ita, kuma gawarwakinsu ne mafi yawan mugunyar da ake gani a maruru. Kumburi da ja da zafin da ke kewaye da rauni alama ce ta cewa jijiyoyin jini sun buɗe domin waɗannan mayaƙa su wuce. Zazzaɓi ma yana cikin dabarun jiki, domin ɗaga zafinsa yana rage wa ƙwayoyi da yawa saurin hayayyafa, ko da yake a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, bai halatta a zauna ana jiran jiki ya yi maganin kansa ba tare da an yi gwajin jini ba.

Sashen da ya fi ban mamaki shi ne mai koyo da tunawa. Akwai wasu fararen ƙwayoyin da ake kira limfosayit, masu zama a cikin saifa da cikin ƙananan ƙulle-ƙullen da ke wuya da hammata da matsematsi, waɗanda idan sun kumbura Bahaushe ke ce musu kaluluwa. Kaluluwar da ta fito wa yaro a matsematsi bayan ya yi tuntuɓe ya ji ciwo a yatsa shaida ce ta cewa ana can ana nazarin baƙon da ya shigo. Rukuni ɗaya na limfosayit yana ƙera sinadaran da ake kira antibodi, wato makaman da aka yi daidai da siffar ƙwayar cuta guda kamar yadda ake yanka mabuɗi daidai da kwaɗonsa, ɗaya rukunin kuma yana kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shige cikinsu, yana kuma jagorantar sauran. A karon farko wannan aiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tazarar ce ake rasa yara. Bayan an ci nasara, wasu ƙwayoyin sukan zauna shekaru suna riƙe da kamannin abokin gaba, ta yadda in ya dawo za a murƙushe shi tun bai kwantar da mutum ba. Allurar rigakafi wannan darasi take koya wa jiki da ƙwayar da aka kashe ko aka raunana, ko da wani ɓangare nata kawai, ba tare da yaro ya biya kuɗin makarantar da ransa ba. A gundumar Madarunfa ce cibiyar bincike ta Epicentre, tare da hukumomin lafiya na Nijar, ta gwada wani rigakafi mai jure zafi na ƙwayar rota mai jawo gudawa a kan jarirai sama da 3,500, aka bayyana sakamakon a 2017, inda ya rage gudawa mai tsanani ta wannan ƙwaya da kusan kashi biyu cikin uku.

Jariri yana zuwa duniya da aron garkuwar uwarsa, domin antibodi suna ratsa mabiyiya su shiga jininsa, musamman a watanni uku na ƙarshen ciki. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya wanda har yanzu wasu kakanni ke cewa a matse a zubar, yana cike da makaman da ke shafe hanjin jariri su tsare shi, saboda haka zubar da shi hasara ce babba. Wannan aron yana ƙarewa a hankali cikin watannin farko, shi ya sa aka tsayar da allurar ƙyanda a wata 9, da ta biyu a cikin shekara ta biyu.

Abin da ya fi damun ma'aikatan wannan yanki shi ne yadda tamowa ke rushe tsarin gaba ɗaya. Mayaƙan jiki da abinci ake gina su, kuma yaron da madaurin awo ya nuna ja a damtsensa, wato ƙasa da milimita 115, fatarsa ta yi laushi, bangon hanjinsa ya sirance, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji inda limfosayit ke samun horo ta motse. Irin wannan yaro yana iya ɗauke da cuta mai tsanani a jini ko a huhu, amma jikinsa bai yi zafi ba, domin ba shi da ƙarfin hura wutar zazzaɓi. Sau da yawa uwa takan ce, "Ai ba ya zazzaɓi, nono ne kawai ya ƙi kamawa," alhali tafin ƙafarsa sanyi ƙalau, idonsa a lumshe, kukansa ba ya fita. Wannan sanyin ya fi zafin jiki hatsari. Cutar kuma tana hana cin abinci, rashin cin abincin yana ƙara raunana garkuwa, abu ɗaya yana jan ɗaya har yaro ya ƙare.

Ƙyanda tana ƙara wata ɓarnar da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙwayarta tana kai hari kan ƙwayoyin tunawa su kansu, kuma binciken da aka bayyana a 2019 ya nuna tana iya goge kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in antibodin da yaro ya tara. Wannan ne ya sa yaron da ƙurajensa suka bushe, aka ce ya warke, yakan koma fama da gudawa da ciwon huhu watanni bayan haka. A gari irin Ɗan Issa, inda kasuwa da zumunci da biki ke haɗa jama'ar ƙasashe biyu kullum, sai an yi wa kusan yara 95 cikin 100 allurar sau biyu kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa.

Ana roƙon iyaye maza su ɗauki katin rigakafi da muhimmancin takardar gona, su bai wa matansu izini da kuɗin mota ranar allura. Iyaye mata su ba jariri dakashi cikin sa'a ta farko, su tsaya a kan nono zalla har wata 6, su karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina. Yaron da ya rame, ya ƙi nono ko abinci, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi cibiyar lafiya a ranar, ko da jikinsa bai yi zafi ba.