Alamtarwa a Waƙoƙin Wa'azi: Cututtukan Zuciya da Tashin Duniya

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a duba alamtarwa, wadda take ɗaya daga cikin dabarun jawo hankali a rubutacciyar waƙa. Za a nuna yadda marubuta waƙoƙin wa'azi kan ɗauki hoto guda, kamar wuta ko fari, su bayyana abu biyu da shi: mugun halin da ke cin zuciyar mutum, da kuma halakar da ke jiran duniya a ƙarshenta. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bambance alamtarwa da kamantawa da siffantawa, ya gano tushen alama, sannan ya koyar da ita da abin da yara suka sani a muhallinsu.

2.0 Ma'anar Alamtarwa

Alamtarwa ita ce a ambaci wani abu da ido ke gani domin ya tsaya a madadin wata ma'ana da ba a faɗi sunanta ba. Dubi waɗannan jimloli:

(i) Hassada kamar wuta-wuta take a gonar dawa.
(ii) Hassada wuta-wuta ce.
(iii) Wuta-wuta ta shiga gonar gidansu, har wa da ƙane sun daina gaisawa.

Jimla ta farko kamantawa ce, saboda kalmar "kamar". Ta biyu siffantawa ce, domin an kira hassada da sunan wani abu kai tsaye. A ta uku ba a ambaci hassada ba ko kaɗan. Mai sauraro ne zai gano ta daga yanke gaisuwar da aka yi. Wannan ita ce alamtarwa. Ke nan alama ba ta aiki sai mawaƙi da mai sauraro sun yi tarayya wajen sanin abin da aka ambata.

3.0 Tushen Alamomin

Waƙoƙin wa'azi sun bunƙasa a ƙasar Hausa tun zamanin jihadin 1804. Nana Asma'u (1793-1864) ta yi waƙa kan sharuɗɗan ƙiyama, haka kuma a ƙarni na 20 Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta yaɗu a bakin almajirai da makafi masu bara. Abdulƙadir Ɗangambo ya yi nazarin digirinsa na uku kan wannan rukunin waƙoƙi a Jami'ar Landan a 1980.

Tushe na farko da mawaƙan ke ɗebo alamominsu shi ne Alƙur'ani da Hadisi. Suratut Takwir ta siffanta ƙarshen duniya da naɗe rana, da zubar taurari, da tafiyar da duwatsu. Suratul Humaza ta haɗa mai cin naman mutane da mai tara dukiya yana ƙididdige ta da wata wuta wadda ke kaiwa har ga zukata. A Suratul Ƙalam an ba da labarin masu wata gona da suka ƙulla hana miskinai rabonsu, sai gonar ta halaka cikin dare. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, wanda ya kwatanta yadda hassada ke cinye kyawawan ayyuka da yadda wuta ke cin itace. Daga nan ne mawaƙin wa'azi ya sami damar ɗaure wutar zuciya da wutar lahira da igiya ɗaya.

Tushe na biyu shi ne rayuwar yau da kullum, musamman ta manomi.

4.0 Alamomi daga Gona

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, kamar na Bichi da Dambatta da Tsanyawa da Kunci da Bagwai, jama'a na da yawa, gonaki kuwa ƙanana ne. Ana noma su kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ƙarfinsu, gado kuma yana ƙara rarraba su. A irin wannan wuri taku ɗaya na kan iyaka yana iya raba zumunci. Don haka alamomin da ke ƙasa ba baƙi ba ne ga yaron da ya tashi a can.

4.1 Wutar kara da wutar ƙaiƙayi. Wutar kara takan tashi da ƙarfi ta mutu nan da nan, amma da hunturu, lokacin da danga da rumbu suka bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin shekara. Wannan alamar fushi ce. Wutar ƙaiƙayi kuwa ba ta da harshe, tana ci ne ta ƙarƙashi, sai an taka a sani. Wannan alamar gaba ce da ƙullatar juna.

4.2 Wuta-wuta, wadda ake kira ƙuduji. Wannan ciyawa tana manne wa saiwar dawa ko gero ta tsotse abincinsu tun tana cikin ƙasa. Kafin ta fito ta yi furenta mai kyan gani, ta riga ta yi ɓarna. 'Ya'yanta na iya kwantawa a ƙasa fiye da shekara 10, kuma ta fi ƙarfi a gonar da ta gaji. Duk waɗannan siffofi sun dace da hassada: ɓoyayyiya ce, mai ita yana murmushi, ana iya gadonta, kuma ta fi kama inda rashi ya yi yawa.

4.3 Fari. Dattawan yankin ba su manta da farin 1973 ba. Idan mawaƙi ya zana sama ta riƙe ruwanta, rijiyoyi sun ƙafe, uwa ta kasa kula da ɗanta, yana iya nufin rowa da bushewar zuciya, yana kuma tuna wa mai sauraro ranar da kowa zai gudu daga ɗan'uwansa.

Abin lura shi ne kowace alama a nan tana tafiya mataki uku: daga zuciyar mutum ɗaya, zuwa rushewar gida ko gari, zuwa tashin duniya baki ɗaya. Saƙon mawaƙin shi ne halaka daga ciki take farawa.

5.0 Alama 'Yar Gida Ce

A 1920 Robert Frost, mawaƙin Amurka, ya buga wata waƙa mai layi 9 mai suna Fire and Ice, wato wuta da ƙanƙara. A ciki ya danganta wuta da sha'awa, ƙanƙara da ƙiyayya, a matsayin hanyoyi biyu da duniya za ta iya ƙarewa. Bahaushe zai fahimci wutar nan take, amma ƙanƙarar za ta ba shi wahala. Dalili kuwa shi ne a ƙasar da sanyi ke kashe shuka da mutum, sanyi abin tsoro ne. A ƙasar Hausa galibi abin so ne: ana yabon mai sanyin hali, ana tarbar baƙo da ruwan sanyi, ana kiran ɗa nagari sanyin idaniya. Zamharira, wato azabar tsananin sanyi, daga littattafan addini aka san ta. Aikin da ƙanƙara ta yi wa Frost, wutar ƙaiƙayi ko fari ne ke yi wa mawaƙin Hausa.

Ko a cikin gida ma alama na iya juyawa. Karin maganar nan, "hassada ga mai rabo taki ce", ta mai da abin da ake tsoro ya zama abin da gona ke bukata.

6.0 Shawarwari ga Malami

(a) Fara da abin da yara suka sani. Ka kawo tushen dawa mai wuta-wuta cikin aji, su faɗi yadda take ɓarna, kafin ka ambaci hassada.
(b) Kada ka ɗauki kowace wuta a matsayin alama. Nemi hujja daga waƙar: maimaita hoton, da kalmomin da ke kewaye da shi, da dacewarsa da jigo.
(c) Bambance alama da aƙida. Wutar lahira, a wurin mawaƙin wa'azi da masu sauraronsa, gaskiya ce da aka yi imani da ita. Abin da ake nazari a matsayin alama shi ne hoton duniya da ya aro domin kusanto da ita ga hankali. Malamin da ya cakuɗa waɗannan biyu zai ɓata nazarin, ya kuma jawo wa kansa rashin yardar iyaye.
(d) Guji kawo misali da rikicin wani gida da yara suka sani.

7.0 Kammalawa

An ga cewa alamtarwa na ɓoye sunan abin da ake nufi, kuma alamomin waƙoƙin wa'azi na fitowa daga nassi da kuma muhalli. An nuna yadda hoto ɗaya ke haɗa cutar zuciya da tashin duniya, da yadda ma'anar alama ke sauyawa daga wata al'umma zuwa wata.

Jinga

1. Bambance alamtarwa da siffantawa, tare da misalai biyu naka.
2. Kawo siffofi uku na wuta-wuta da suka sa ta dace da hassada.
3. Me ya sa ƙanƙara ba ta zama alamar ƙiyayya a wurin Bahaushe ba?
4. Zaɓi waƙar wa'azi ɗaya, ka fito da alamomi biyu daga cikinta, ka bayyana tushen kowace.
5. Wane mugun hali gara za ta iya alamtawa? Kafa hujja.