Ga masu son nazarin tatsuniya da al'adu a jami'a

'Ya'yana na zangon Savelugu, na ji wasunku na son bin fannin adabin baka har su zama malaman jami'a, iyaye kuwa suna tambaya wa ya taɓa cin tuwo da "ga ta nan, ga ta nanku". Ana ci, amma ba da wuri ba. Daga digiri na farko zuwa na uku an daɗe ana tafiya kafin albashi ya zauna, don haka mai gaggawar kuɗi gara ya nemi wata sana'a.

Aikin nan ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Shi ya rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausawa. Tatsuniyoyin da Bature Rattray ya buga a 1913 kuwa, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami, sai dai yau sunan Baturen aka fi sani. Wannan yana damuna ƙwarai.

Mutanen Ayalan kuwa sun kula da kada sunan mai labari ya ɓace. A 1935 suka kafa hukumar tattara adabin gargajiya, a 1937 suka tura 'yan firamare wajen kakanninsu su rubuto labarai, tare da sunan wanda ya faɗa da garinsu. Littattafan suna ajiye a jami'a a Dublin, jikoki na zuwa suna ganin maganar kakansu da sunansa.

Ku ma ku yi haka tun kafin ku sami gurbin karatu. Ku je wajen tsohuwa da gaisuwa da goro, ku nemi izininta kafin ku kunna waya, ku rubuta sunanta da rana da unguwa. Kada ku gyara mata Hausa ta koma ta Kano. Hausar zango ita ma abin nazari ce.

Ku koyi karatun ajami sosai, domin rubuce-rubucen malamanmu da aka tara a Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon tun shekarun 1960 suna buƙatar masu karantawa. Dagbanci ma dole ne. Tarihin sarakunan Yendi da Savelugu yana bakin makaɗan lunsi, su kuwa ba sa buɗe wa mai zuwa da tafinta ciki, sai wanda ya zauna da su damina da rani.