Yadda Ake Hasashen Ma'adinan da Ke Ɓoye a Wani Wuri

Ma'adinai ba sa tarwatsuwa barkatai a cikin ƙasa. Waɗanda suka samu a yanayi guda na zafi, matsi da ruwa sukan zauna tare, kamar yadda ake tarar da kolumbayit a haɗe da kuza a tsaunukan Jos. A kan wannan ɗabi'a aka gina hanyar hasashen.

Da farko ana tattara bayanai: sunan kowane wuri da jerin ma'adinan da aka tabbatar a cikinsa. Binciken da Shaunna Morrison da abokan aikinta na Cibiyar Carnegie a Amurka suka wallafa a 2023 ya dogara da wurare kusan 300,000 da nau'o'in ma'adinai fiye da 5,000.

Sai a miƙa jerin ga kwamfuta ta ƙirga waɗanda ke yawan haɗuwa. Dabarar ƙirgar, wadda ake kira Apriori, an ƙirƙiro ta a 1994 don manyan kantuna su san kayan da ake saye tare, irin su ganyen shayi da sukari. A nan wuri shi ne kwandon sayayya, ma'adinai su ne kayan. Daga ƙirgar ake fitar da ƙa'ida: inda aka samu wannan da wancan, akan samu na uku.

Ba kowace ƙa'ida ake karɓa ba. Ana duba wurare nawa haɗuwar ta faru, sannan sau nawa na ukun ya bayyana idan biyun farko suna nan. Awo na ƙarshe ya fi muhimmanci: shin haɗuwar ta wuce abin da dace kawai zai kawo? Farin dutsen kwaz yana kusan ko'ina, don haka ganinsa kusa da wani ma'adini bai nuna komai ba.

Daga nan a ɗauko jerin wurin da ake nazari a gwama shi da ƙa'idojin. Ma'adinin da aka samu dukkan abokan zamansa amma shi ba a gan shi ba, shi ake sa ran yana nan. Haka masu binciken suka yi wa kwarin Tekofa da ke hamadar Mohabe, wanda yanayinsa ya yi kama da na duniyar Mas, suka kuma nuna wuraren da za a iya samun ma'adinan yuraniyom da litiyom.

Hasashe dai ba shaida ba ne. Dole masani ya je wurin da guduma, ya fasa dutse, ya kai samfuri ɗakin gwaji. Kuma ana sassauta dogaro da sakamakon a yankunan da ba a bincika sosai ba, domin yawancin bayanan daga Turai da Arewacin Amurka suka fito.