Bayan zama na 36, sai yara suka ce Baba ya huta

Ranar da aka yaye shi daga shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, dattijon ya zo da dabino a leda, ya bi ma'aikata yana rarrabawa. Mutumin Maraɗi ne, ya haura shekara 70, yana zaune tare da ɗansa a Greensboro ta jihar North Carolina, garin da 'yan Nijar ke da yawa. Mako 12 ya yi yana zuwa sau uku a mako. Akan manna masa wayoyi a ƙirji, ya hau injin tafiya, ma'aikaciyar jinya na duba harbawar zuciyarsa a allo. Da minti biyar ya fara, yana haki. Ya gama yana yin minti 30 har da hira.

Bayan wata huɗu, mai wannan rubutu, wanda sana'arsa ke nan horar da masu ciwon zuciya, ya gamu da shi an idar da sallar Juma'a. A kujera ya yi salla, kuma daga ƙofar masallaci zuwa mota sai da ya tsaya sau biyu.

"Alhaji, ina tafiyar tamu?"

"Kai dai bari, Malam. Yara sun ce in huta."

Ba likita ya zaunar da shi ba. Ɗansa ya karɓe fitar da shara, surukarsa ta hana shi hawa bene, jikoki na kai masa ruwa har inda yake. Duk ƙauna ce. A wurinmu, babba in ya tashi daga jinya lallaɓa shi ake yi, kuma ɗan da ya bar mahaifinsa na zagaya unguwa da takalmin gudu gani yake za a ce bai san darajar iyaye ba.

Likitocin Amurka ma sun taɓa yin wannan tunani. Da, wanda ya samu bugun zuciya kwantar da shi ake yi kusan mako shida. A 1952 Samuel Levine da Bernard Lown na Boston suka nuna cewa majinyacin da aka tayar aka zaunar a kujera ya fi wanda aka bari kwance samun sauƙi. Daga nan aka fara gane cewa doguwar kwanciya ita kanta cuta ce: tsokoki su saki, jini ya iya daskarewa a ƙafa, ƙarfin zuciya ya ragu.

Yau inshorar Medicare kan biya zama 36 na shirin farfaɗowa. Matsalar tana farawa ne washegarin na ƙarshe, domin ba mai bugo waya ya tambayi dalilin rashin zuwa, kuma ƙarfin da aka tara a wata uku yakan fara zubewa cikin 'yan makonni. Ga kuma yanayin garin. A Maraɗi, dattijon nan da ƙafa zai je masallaci sau biyar, ya leƙa kasuwa, ya je gaisuwar makwabci, ba tare da ya taɓa kiran hakan motsa jiki ba. A Greensboro komai sai da mota, har sayen burodi.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, ko da minti goma-goma ne, sai kwana biyu na ƙarfafa jiki, kamar tashi daga kujera a koma sau goma ba tare da dafawa ba. Ma'aunin saurin a baki yake. In mutum na iya hira amma ba zai iya rera waƙa ba, daidai ke nan. Wannan ya fi agogon hannu amfani ga masu shan magani irin metoprolol, wanda ke rage saurin harbawar zuciya har agogon ya nuna kamar mutum bai yi komai ba.

Wurin tafiya kuwa ba a rasa ba. Country Park na da shimfiɗaɗɗiyar hanya da ta zagaye tafkunansa, kusa da filin da aka gwabza yaƙin Guilford Courthouse a 1781. Akwai Atlantic & Yadkin Greenway da aka yi a kan tsohon layin dogo. Cibiyar Smith ta hukumar gari, ta masu shekara 50 zuwa sama ce, har da wurin iyo. In zafin Yuli ya yi ƙamari ko sanyin Janairu ya hana fita, cikin kasuwar Four Seasons Town Centre wuri ne mai rufi, kuma ya fi yi wa hajiyoyin da ba sa son zagaya titi su kaɗai.

Amma a sani: nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke bin hannu ko muƙamuƙi, jiri, ko hakin da ba a saba ba, duk alamun tsayawa ne. A zauna, a sa maganin ƙarƙashin harshe in likita ya rubuta, in bai lafa ba a kira 911. Kada a ce bari a jira yaro ya dawo daga aiki. Batun azumi kuma, a tattauna da likita tun cikin Sha'aban saboda lokutan shan magani.

Da mai wannan rubutu ya tashi gyara, bai je wa Alhaji da lacca ba, ɗan ya nema. Ya roƙe shi ya mayar wa mahaifinsa da shararsa, ya bar masa tarbo jikoki inda motar makaranta ke sauke su. Ɗan ya ɗan ɓata fuska, ya ce mutane za su yi magana, amma ya yarda. Sannan aka haɗa Alhaji da wani abokinsa ɗan Damagaram mai mota. Litinin, Laraba da Asabar, in gari ya waye, sukan zagaya tafkin Country Park suna musun siyasar Nijar, kuma duk wanda ya makara shi ke sayen shayi.