DARASI: MANUFOFIN SHIRIN KARATU NA YARA MASU HAZAƘA

A kusan kowane aji akwai yaron da kan gama lissafinsa tun malam bai ajiye alli ba. Daga nan sai ya shiga surutu ko yawan tambaya, mu kuwa mu ce ba ya jin magana, har mu ɗauko bulala. Sau da yawa ba taurin kai ba ne. Aikin da aka ba shi ne ya yi masa kaɗan.

Tun a shekarar 1977, tsarin ilimi na Nijeriya ya sa irin waɗannan yara cikin masu bukatar kulawa ta musamman. A zamanin mulkin Janar Babangida aka kafa musu makarantar sakandare ta Gwamnatin Tarayya a Suleja, Jihar Neja. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Irin wannan shiri yana da manufofi uku.

Ta farko, a gano yaron da wuri. Hazaƙa ba ta zaɓen gida. Tana nan a ɗan manomi kamar yadda take a ɗan ma'aikaci, tana nan a 'ya mace kamar yadda take a namiji.

Ta biyu, a ba shi karatu daidai ƙarfinsa. Ana yin haka ta hanyar bari ya tsallake aji, ko kuwa a bar shi cikin tsararrakinsa, a ƙara masa aiki mai zurfi da littattafai.

Ta uku, a gyara halinsa, ya san cewa baiwarsa amana ce da zai riƙe domin jama'a. Ilimin da ya haifi girman kai hasara ne.

Mukan ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Amma wannan bai ba mu izinin barin akurki a buɗe ba. Makaranta guda ba za ta ɗauki kowa ba. Sauran aikin yana wuyanmu.

Tambayoyi domin nazari:
1. Wane yaro ne a unguwarmu rashin kuɗin makaranta yake neman tsayar da shi?
2. Wace yarinya ce mai ƙoƙari ake shirin cirewa daga aji domin aure?
3. Me za mu yi musu kafin zangon karatu mai zuwa?